Sati Uku a Hannun Inna

Ciwon ya fara mini tun ina da shekara ashirin da ƴan kai, amma sai da na kusa arba'in na yarda in kira shi ciwo. Kafin nan gajiya nake ce masa. Kullum in na farka sai in ji ƙuguna a ɗaure, kamar an zuba masa siminti ya kwana. Sallar asuba ce ta fi ba ni wuya. Ruku'una rabi ne, sujada kuwa sai na dafa ƙasa da hannu biyu na sauka a hankali, liman ya kusa ɗagowa. Amma in na yi wanka, na tura babur zuwa bakin titi, na hau benen ma'aikatarmu hawa uku, kafin ƙarfe goma na warware sarai. Wanda ya ga sallata ta azahar zai rantse ba ni ne na asuba ba. Shi ya sa ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Abokan aikina cewa suke tsufa ne ya yi mini sammako, ni kuma in taya su dariya.

Na shafa man zafi iri-iri. Wanzami ya yi mini ƙaho har sau uku. Na haɗiyi ƙwayoyin masu yawo da magani a ka, waɗanda ba sa tambayarka komai sai inda ke ciwo. Matata malamar makaranta ce, Bazabarma haihuwar Yamai, ba ta da haƙuri da irin wannan shiririta. Shekara da shekaru tana cewa in je asibiti, ina cewa sai wata ya mutu. Ranar da na zo mararraba a kan babur na kasa juya wuyana in dubi baya, wata taksi ta kusa kwashe ni, na dawo gida na ba ta labari ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Washegari ta karɓo mini randebu, wato ranar ganawa, wajen likitan gaɓoɓi, ta ajiye takardar a kan kwanon abincina.

Na san abin da ya sa nake gudun likita. Babanmu tela ne a kasuwar Maradi, kuma da irin wannan ciwo ya fara. Mutane suka ce keken ɗinki ne ya cinye masa baya, wasu suka ce sanyi, wasu suka ce hannu aka sa masa. Yana da shekara arba'in da biyar Inna ta ce ya isa haka, ta kwantar da shi. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana jinyarsa a ɗaki. Ita ke kawo masa ruwan alwala, ita ke tallafe shi, ita ke gyara masa matasan kai, bai taɓa ɗaukar ko buta da hannunsa ba. Bayansa ya lanƙwashe a hankali har ya zama ba ya iya ganin fuskar wanda ya zo gaishe shi sai mutum ya tsuguna. A haka ya rasu. A unguwarmu har yau in ana yi wa amarya faɗa a kan haƙuri da miji, Inna ake nuna mata. Ba ta da gida nata, ba ta da gona, wannan jinya ita ce abin da aka san ta da shi, ita ma da shi ta san kanta.

Likitan ɗan Tawa ne, gajere, mai saurin magana. Ya sa na sunkuya, ya auna bayana da abin awon tela, abin da ya sa na ji wani iri. Ya tambaye ni ko ciwon yana raguwa in na motsa, na ce ƙwarai. Ya tambayi dugadugaina, ya tambaya ko idona ya taɓa yin ja da zafi ba dalili, na ce sau biyu. Sannan ya ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "akwai mai irin wannan baya a danginku?"

Na ce, "Babanmu."

Ya rubuta radiyon ƙugu, wato hoton ƙashi, ya rubuta wata analiz, gwajin jini, mai suna kamar lambar mota, HLA-B27. Ya ce alama ce da ake gado, wadda ke yawan tafiya tare da wani ciwon kumburin gaɓoɓin baya. Ba a cika samunta a jininmu ba, in ji shi, amma ana samu. Ya ba ni maganin rage kumburi, ya ce in ci gaba da harkokina kafin sakamako ya fito. Wannan magana ta ƙarshe na ɗauke ta kamar "sai an jima", ban san umarni ba ce.

Wurin ɗiban jinin yana bayan Petit Marché. Na je ban ci ban sha ba, domin a Yamai duk wanda aka ce za a ɗebi jininsa da yunwa yake zuwa, ko an ce masa ko ba a ce ba. Mu goma sha wani abu ne a kan benci, kowa baki a bushe, ƙamshin ƙosai yana shigo mana ta taga. Da layi ya zo kaina, matar da ke ɗiban jinin ta dubi takardata ta dubi fuskata.

"Ka ci abinci?"

"Ko ruwa ban sha ba, madam."

"Wahalar banza ka yi. Wannan ba ruwanta da abin da ka ci, abin da aka haife ka da shi take dubawa."

Ta cika ƴar kwalba mai murfi shuɗi-shuɗi, ta manna mata lamba. Ta ce ba a nan ake yi ba, waje za a aika, in dawo bayan sati uku. Na fita na sayi ƙosai na ci a tsaye, ina jin haushin kaina.

Kuskuren da na yi shi ne kiran ƙanwata ta Maradi a waya. Na ce mata an ɗebi jinina za a kai ƙasar waje, kada ta faɗa wa Inna. Ƙanwar nan tawa magana ba ta kwana a cikinta. Kwana uku bayan haka, da la'asar, taksi ta tsaya a ƙofar gidanmu a gefen Koira Kano, Inna ta fito, ƙafafunta a kumbure saboda wunin mota. Direba ya sauke mata buhun garin kunu, gwangwanin man shanu, ƙullin citta da kanwa, da matasan kai uku na audugar rimi da aka ɗaure da igiya.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai" nake a bakinta tun ina yaro, ba ta kuma zama kusa da ni in da mutane. Ta amsa gaisuwar matata, ta shafa kan jikokinta, sannan ta dube ni ta gefen ido, daga wuya zuwa ƙugu. Na ga ta gane abin da ta gani.

"Kai, kwanta," ta ce. "Wanga ciwo na san shi. Ba ya son wahala."

Na karɓi konje, wato hutu, a wurin aiki, na kwanta. Aka fito da katifa falo. Matashi biyu a ƙarƙashin kai, ɗaya a ƙarƙashin gwiwa. Ruwan alwala a kawo mini da buta da tasa, sallah a zaune. In na miƙa hannu zan ɗauki waya, kafin in kai ta miƙo mini. Da hantsi ta narkar da man shanu da citta ta murza mini baya. Mutanen Maradi mazauna Yamai suka ji labari suka dinga zuwa, ƴan kasuwa da tsofaffin ma'aikata da matansu, kowa ya zauna sai ya ce, "Ai tunda Hajiya ta zo, an gama. Wa ya kai ta sanin jinya?" Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ina da shekara kusan arba'in, ban san taushin hannun uwata ba sai a wannan kwanciya. Ina ruf da ciki tana murza mini baya, tana yi wa jikokinta faɗa su rage surutu, sai in ji hawaye na neman zubo mini, in ɓoye fuska a matashi. Saboda wannan ne ban yi gardama ba, ba don na yarda da maganin ba.

A sati na biyu ƙagewar da ke sakina ƙarfe goma ta koma sai azahar. A na uku ba ta saki ko kaɗan. In zan shiga makewayi sai na bi bango. Inna ta ce, "Ka gani? Da ba ka kwanta ba da ya hi haka." Ta ƙara mini matashi.

Matata ba ta iya musu da suruka, amma tana da idanu. Wata rana Inna na sallah ta tsuguna kusa da ni kamar mai ɗauke kwano.

"Maigida, likita bai ce ka kwanta ba."

"Bai ce kada in kwanta ba."

"To, kala suuru," ta ce, wato sai haƙuri, ta tashi da kwanon. In ta koma Zabarmanci a tsakiyar magana, na san ta gama da ni ke nan.

Ranar karɓar sakamako ita ta raka ni, don babur ya fi ƙarfina. Shiga taksi ma sai da direba ya tura kujerar gaba baya. Aka ba mu ambulan a rufe, muka kai wa likita tare da radiyon. Ya buɗe, ya karanta, ya ɗaga radiyon wajen taga.

"Akwai ta," ya ce. "Amma ka ji da kyau. Wannan alama ce, ba ita ce ciwon ba. Akwai masu ita da za su tsufa ba su san ciwon baya ba, akwai masu ciwon da ba su da ita. Kai dai ga radiyo, ga yadda kake tashi da safe, ga wannan, magana ta haɗu."

Matata ta tambayi yara. Ya ce a bar su su yi wasansu, ba a gwada yaron da ba ya ciwo. Sai ya ce in tashi in sunkuya. Na sunkuya iyakar iyawata. Ya sake awo, ya dubi abin da ya rubuta wancan karon.

"Me ya same ka? Ka sha maganin kuwa?"

"Na sha."

"To me ka yi a sati ukun nan?"

Na ce, "Hutawa."

Matata ta dubi silin. Na ba shi labarin katifa da matasai. Ya ajiye biro, ya cire tabarau.

"Mushe, wannan ciwo kwanciya yake so. Gaɓoɓin bayanka nema suke su haɗe da juna, kuma yadda ka ajiye su haka za su haɗe. Magani zai rage kumburi, sauran aikin naka ne. Tafiya kullum. Motsa jiki safe da yamma, zan tura ka wajen kine, masu gashin ƙashi, su koya maka. Katifa mai tauri, matashi ɗaya siriri ko babu. In ka koma ka kwanta, kada ka dawo mini."

Na tambaye shi abin da ke cina. Na ce babanmu shekara goma sha ɗaya ya yi a kwance.

Ya ce, "Ban ga mahaifinka ba, ba zan yanke hukunci a kan wanda ban gani ba. Ba kwanciya ce ta sa masa ciwon ba, kuma ko ya yi ta tafiya wataƙila da ya ƙage, a wancan lokaci ba wannan magani. Amma kwanciyar ba ta taimake shi ba. Matasan kai kuwa, su ke lanƙwasa mutum."

A taksi na yi ta lissafi. Abin a fili yake. In na ci gaba da kwanciya, bayana zai tafi yadda na Baba ya tafi. In na tashi, sai na faɗa wa Inna dalili, dalilin kuwa yana nufin shekara goma sha ɗayan da take taƙama da su ba yadda ta ɗauke su suke ba. Na ji tsoron na biyun fiye da na farkon.

Sai na yi abin da matsoraci ke yi. Ta tambaye ni sakamako, na ce sun ce sanyi ne. Na ce konje ya ƙare, dole in koma aiki. Da safe in je wajen kine, wani ƙato mai fara'a da ba ya jin "wayyo", ya miƙar da ni ya lanƙwasa ni. Da yamma in lallaɓa babur in ajiye shi can cikin Koira Kano, inda tituna ke da faɗi, gidaje duk katanga, ba mai zama a ƙofa balle ya gane ni ya kai labari. In yi ta tafiya da rigar aiki da takalmi sau-ciki, masu gadi suna bina da kallo, domin a nan babban mutum ba ya yawo a ƙasa sai in motarsa ta lalace. Har wani ya taɓa tambayata ko gida nake nema. In na dawo sai in kwanta a kan matasan Inna in yi nishi kaɗan don ta ji daɗi. Cikin kwana goma na fara samun sauƙi, ita kuma ta ce man shanu ne ya fara aiki.

Ranar wata Asabar da safe na shiga ɗaki na tura ƙofa, na manta ban sa sakata ba. Ina ƙasa a kan hannu da gwiwa, ina ɗaga baya ina saukewa kamar kyanwa mai miƙa, sai ga Inna da kwanon kunu.

"Mi kaka yi nan ƙasa?"

"Motsa jiki ne, Inna."

"Wa ya sa ka? Ita ce ko? Ta gaji da ganinka kwance?"

Wannan ne ya tunzura ni. Matata ta yi wata guda tana haɗiye magana a gidanta, ga shi za a ɗora mata. Ina da saurin fushi, a wajen Inna na gado shi. Na miƙe, na ce ba ita ba ce, likita ne. Na ce kwanciyar nan ita ta kusa gama ni, matasan nan su ke lanƙwasa mutum, sauƙin da ta gani ba na man shanu ba ne, tafiya nake yi kullum a ɓoye kamar ɓarawo. Na faɗe su duka a tsaye, da murya sama, abin da ban taɓa yi mata ba.

Ta ajiye kwanon a kan kujera a hankali.

"Jinin da anka ɗiba, mi ya ce? Hwaɗa mini gaskiya."

"Ya ce abin gado ne."

"Na babanku ne ke nan."

"Wataƙila. Likita ya ce bai gan shi ba."

"Ban tambayi likita ba," ta ce, ta fita.

Kwana huɗu ta ƙara yi. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Tana dama kunu, tana yi wa yara wanka, tana amsa gaisuwa. Da kanta ta kwashe matasan daga falo, ta ce matata ta mayar da katifa ɗaki. In na fita tafiya da yamma, yanzu a fili, sai in tarar da ita a tabarma a tsakar gida, carbi a hannu amma ba ta ja. Na ba ta haƙuri a kan ɗaga murya, ta ce ba komai. A rana ta huɗu ta ce gobe za ta koma, ta bar awakinta a hannun mutane.

Na raka ta tasha da sassafe a taksi. Aka auna kaya, aka sa a mota, muka zauna a benci muna jiran a kira suna. Ta bar wuri tsakanina da ita kamar kullum. Tana kallon masu lodi ta fara magana, ba ta dube ni ba.

"Babanku ya kan ce in ya taka yana jin dama. Shekarun hwarko kullum sai ya ce in bar shi ya tahi masallaci, ko ya kai kasuwa ya ga keke nai. Ni ko in ce rashin haƙuri ne na maza. Da ya ƙi ji, sai na ɗauke takalmansa na ɓoye cikin randar da ba a zuba ma ruwa. Ya yi ta nema, yana tambayar yara. Daga baya ya bar tambaya."

Ban san wannan ba. Ina makarantar kwana a lokacin. Sai na ce abin da kowa zai ce.

"Inna, ba ki sani ba. Ba wanda ya sani a lokacin."

"Shi ya sani," ta ce.

Aka fara kiran fasinja. Ta miƙe ta gyara mayafi, na riƙe mata jaka har ƙofar mota. Ta sa ƙafa a matakala, sannan ta juyo ta dube ni sosai, ido cikin ido, a gaban mutane.

"Kai, da mi za ka koma gida?"

"Taksi, Inna."

"A'a. Taka."

Daga tashar zuwa gidanmu tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Na tsaya har motar ta fita, sannan na kama hanya. Taksi sun yi ta yi mini oda ina ɗaga musu hannu su wuce. Wajen rabin hanya kuka ya zo mini, na Baba da na Inna a haɗe, ban tsaya ba, na ci gaba da tafiya ina share fuska da hannun riga har na kai gida.